Waliyyin da Am Muldi Ya Gina

A unguwarmu, can bayan birnin Tunis inda gidaje ke ƙarewa sabka, wato tafkin gishiri, ta fara, babu wanda bai san Am Muldi, wato Baffa Muldi, mai gadin lambu ba, amma da wuya ka sami mutum uku da suka taɓa jin ya yi doguwar magana. Gajere ne siriri, da jar hula wadda ta koɗe har ta koma ruwan ƙasa, da shuɗiyar rigar ma'aikata da hukumar gari ke ba shi ɗaya duk shekara biyu. A takarda sunan aikinsa gadi. A zahiri shi ne mai shara, shi ne mai ban ruwa, shi ne mai raba faɗan 'yan ƙwallo, shi ne kuma wanda ake zagi duk ranar da aka tarar famfon lambun ya karye.

Daga duwatsun Kaf ya gangaro yana ɗan shekara goma sha tara. Ya yi aiki a gidan gasa bulo har hayaƙi ya ci masa ƙirji, aka sallame shi da tari da jakar kayansa, sannan wani ɗan garinsu ya yi masa hanyar gadin nan. Ya auro Shadliyya daga ƙauyensu, Allah ya ba su 'ya ɗaya tal, Wasila. Ba ya zaman gidan gahawa, ba ya karta, ba ya gardamar ƙwallo. Maza suna ce masa bawan Allah, wanda a bakinsu yake nufin mutumin da ba a tsoro kuma ba a nema.

Lambun kansa ba abin a zo a gani ba ne: itatuwan turare kamar ɗari, benci shida, da lilon yara da ya tsinke tun kafin juyin juya hali. Amma bayan itatuwan ƙarshe akwai wani siririn tudu na tsakuwa da gishiri wanda ya kutsa cikin ruwan sabka, mu muna ce masa Wutsiya. Can ne zuciyar Muldi take. Duk ƙarshen watan Maris wasu tsuntsayen ruwa kan sauka a kansa, masu farin ƙirji da baƙin baya, da dogayen ƙafafu jajaye siraran gaske. Muldi yana ce musu amare, wai an yi musu lalle har gwiwa. Ba sa hawa bishiya su yi sheƙa kamar tsuntsaye masu hankali. A ƙasa suke tono ɗan rami, su jera ƙwai huɗu masu kalar tsakuwar wurin, ta yadda mutum zai iya taka su bai ma san ya yi kisan kai ba. Kwana ashirin da huɗu ko da biyar uwa da uba suna karɓa-karɓa a kan ƙwan, in an kusanto su tashi suna kururuwa, in an ƙi tafiya ɗaya ya faɗi gefe yana jan fiffike kamar ya karye don a bi shi a bar sheƙar.

Shekara ashirin da shida Muldi yana tsare musu tudun nan ba wanda ya sa shi. Da sassafe yakan cire takalmi ya shiga a hankali, yana kallon kowane taku, ya ƙirga sheƙa. Shekarar da ya fara ya sami sittin da wani abu. Masu tifa suka yi ta zubar da ɓaraguzan gini a bakin sabka, ruwa ya ja baya, gidaje suka matso, har lissafin ya dawo goma sha tara. A kan goma sha taran nan ya yi faɗa da 'yan babur, ya kori masu karnuka, ya sha jifa sau biyu.

Sai wata ranar hunturu ya zo ya tarar an kafa turaku masu jan fenti, layi biyu, sun taso daga ƙofar lambu sun ratsa tsakiyar Wutsiya har ƙarshenta. Hanyar masu motsa jiki za a shimfiɗa, da intalok da fitilu, don mutane su riƙa zagayawa suna kallon ruwa.

Ya wanke rigarsa ya tafi ofishin Si Munsif, shugaban sashen lambuna. Si Munsif ba mugun mutum ba ne. Irin mutanen nan ne da ke yi maka dariya mai daɗi yayin da suke rufe maka ƙofa.

"Am Muldi! Yau kuma wace iska? Zauna mana. An sake sace famfon?"

"Famfo na nan, yallaɓai. Maganar hanyar ce. Da za a ɗan karkatar da ita ta bi bayan itatuwa, a bar Wutsiya."

"Saboda me?"

"Can suke ƙwai."

"Su wa?"

"Tsuntsayen."

Si Munsif ya kwanta a kujera ya yi dariya har da buga tebur. "Su suka aiko ka? To ka ce su kawo katin zaɓensu. Am Muldi, tsuntsu fiffike gare shi, in wuri ya ƙi shi sai ya ƙara gaba. Matar da likita ya ce ta riƙa tafiya saboda sukari fa, ina nata fiffiken? A kan titi za ta yi tafiyar mota ta kwashe ta?"

"Ba su da wani wurin, yallaɓai. Duk bakin ruwan an zuba masa ƙasa."

"Allah da ya halicce su ya san inda zai kai su. Ka sha shayi kafin ka tafi."

'Yan ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ma sun zo daga cikin birni da madubin hangen nesa, suka ɗauki hotuna, suka rubuta takardu, aka buga musu hatimin an karɓa. Iyakar abin da takardun suka yi ke nan.

Abin da ya faɗo wa Muldi a rai ba dabarar mai ilimi ba ce, dabarar ɗan ƙauye ce. A hanyar garinsu akwai inda kwalta ke tafe sambal, sai ta lanƙwasa ba gaira ba dalili, ta zagaye wasu 'yan duwatsu sannan ta miƙe. Hawita ce: da'irar duwatsu da ba ta wuce gwiwa ba, an shafe ta da farar ƙasa, alamar wani waliyyi ya taɓa zama ko yin salla a wurin. Ba kabari, ba ƙubba, sau da yawa ma ba a san sunan mai wurin ba. Amma Turawan mulki da kansu sun kasa samun lebura ɗaya da zai ɗaga dutse daga cikinta, dole titi ya kauce. Muldi ya san irin mutanen da ke tuƙa katafila a ƙasar nan, duk 'yan ƙauye ne irinsa.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba ya tura baro zuwa wata tsohuwar rijiya da ta rufta a bayan lambu, ya kwaso duwatsu masu gansakuka. Ya jera su a wuyan Wutsiya, daidai tsakanin turakun nan biyu, ya bar ƙofa tana kallon alƙibla. Ya dama farar ƙasa da toka don kada ta yi hasken sabon abu. Ya ajiye fasasshen kaskon turare a ciki, ya diga kyandir a kan dutse, ya ɗaura tsumman kore a wani busasshen reshe. Yana yi yana istigfari, don shi mutum ne mai tsoron Allah kuma ya san abin da yake yi ƙarya ce.

Ranar Talata katafila ta iso. Direbanta, Lazhar, mutumin Kasrin, ya taho har ya rage taku goma, sai ya kashe inji ya sauko.

"Wannan fa?"

Muldi ya sunkuyar da kai. "Ka dai gani."

"Tun yaushe take nan?"

"Ni dai ciyawa na share."

Ɗan kwangila ya taho da gudu yana ihu. Lazhar ya ciro makulli ya miƙa masa. "Ga shi, hau ka taka da kanka. Ƙanen babana ya ture irinta a garinmu, ko Babbar Salla bai kai ba hannunsa ya shanye. Ni 'ya'ya biyar gare ni."

"Duwatsu ne kawai, kai jaki!"

"To ai ga makullin, gwani."

Ɗan kwangila bai hau ba. Ba kuma wanda ya hau. Zaɓe na tafe, Si Munsif bai ga amfanin a ce shi ne ya rushe wurin waliyyi ba, sai aka tsige turakun aka mayar da hanyar bayan itatuwa, daidai inda Muldi ya roƙa tun farko. A bazarar nan amare suka sauka lafiya, sheƙa ashirin da biyu. Muldi ya yi murna irin wadda bai yi ba tun haihuwar Wasila, har ya sayi rabin kilo na makrud, wani alkaki mai dabino, ya kai gida ba salla ba biki.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ta Muldi kam ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Wadda ta fara zuwa ita ce Khalti Rabaha, tsohuwar da ke wankan gawa da karɓar haihuwa a unguwa, wadda maganarta ta fi ta liman shiga cikin gidaje. Ta zo da sandarta da kyandir biyu, ta tsaya ta daɗe tana kallon duwatsun.

"Ɗana, wane ne mai wurin?"

"Ban sani ba, Khalti."

"Shekara nawa kana nan ba ka san maƙwabcinka ba? Kai dai faɗi, kada ka yi mana rowa."

Ya duba ƙasa, idonsa ya faɗa kan wani farin gashin tsuntsu da ya maƙale a dutse. Bakinsa ya riga hankalinsa. "Sidi Bu Risha," in ji shi, wato mai gashin tsuntsu.

"Allah ya ba mu albarkarsa," in ji ta. "Wallahi na taɓa jin kakata ta ambace shi."

Kakarta dai a Jandoba ta rayu ta mutu, ba ta taɓa ganin sabka ba. Amma kafin wata ya ƙare matan unguwa sun san Sidi Bu Risha ya zo daga yamma a ƙafa, ya yi shekara arba'in yana azumi a bakin ruwan, kuma ya fi ƙwarewa a kan matsalar haihuwa. Kowace Alhamis da la'asar sai ka ga ayari, farin mayafi bayan farin mayafi, da kwanukan kuskus na sadaka. Abin da aka rage a zube a gindin duwatsu. Ƙamshin ya kira kuliyoyin unguwa, ya kira karnukan juji, ya kira ɓeraye. Su kuwa waɗannan ba su san waliyyi ba, da sun gama da kuskus sai su gangara Wutsiya.

Muldi ya ga ana kukan targaɗe ga karaya na tafe, sai ya ƙara wata ƙaryar don ya toshe ta farko. Ya ce wa matan Sidi ba ya son baƙi daga Maris zuwa Yuni, lokacin halwarsa ne. Khalti Rabaha ta gyaɗa kai ta tafi, ta dawo da fassararta: ashe a watannin nan ne waliyyin yake nan da kansa, tsuntsayen kuwa muridansa ne da ke zuwa gaisuwa, don haka addu'ar bazara ta fi ta sauran shekara saurin karɓuwa. Aka fara zuwa daga wasu unguwanni a motar haya. Mata suna bin tudun har ƙarshe suna tsintar gashin tsuntsu don sa wa a ƙarƙashin matashi. Shekara ta biyu sheƙa goma sha ɗaya ya ƙirga. Ta uku, shida.

Ya so ya rushe abin tun a lokacin. Har ya sa ranar a ransa. Sai wata Alhamis ya hango matarsa a cikin ayarin, tana riƙe da hannun Wasila.

Shekarar Wasila tara a gidan miji, ɓari uku, na ƙarshen ya kusa tafiya da ita. Ta zagaye likitocin birni har sai da ta sayar da zobenta. Ta rame, ta daina zuwa sunan kowa. Muldi ya tsaya bayan bishiya da tsintsiya a hannu yana kallon 'yarsa ta durƙusa a gaban duwatsun da ya kwaso daga rijiya, ta kifa goshinta a kan farar ƙasar da ya dama da toka, kafaɗunta na rawa. Bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Bayan wata biyu aka ce tana da ciki. Ya wuce wata uku, inda sauran suka zube. Ya shiga na biyar.

Wata rana da rana suna cin abinci su biyu, Muldi ya ture kwano. "Shadliyya, akwai maganar da zan faɗa miki. Hawitar nan…"

"Ci abincinka."

"Ni na gina ta. Babu wani Sidi. Da hannuna na…"

"Wa ya wanke farar ƙasar da ta bushe a wandonka ranar Lahadin? Aljanu?" Ba ta ko ɗago kai ba. "Na sani tun ranar, Muldi."

"Kin sani kika kai yarinyar?"

"Na kai ta. Shekara tara ba ta yi barcin kirki ba, yanzu tana yi. Ta sami abin da za ta riƙe. Allah ne mai bayarwa, na sani ka sani, amma in ka buɗe bakin nan naka ta ji, hankalinta ya tashi, cikin nan ya zube, wallahi ba a gidan nan za ka ƙara cin abinci ba. Ka bari ta sauka lafiya, sannan ka je ka yi ta tonon asirin kanka har a rediyo."

"Tsuntsayen fa?"

"Tsuntsaye!" Ta ajiye cokali da ƙarfi. "Kai mutumin nan, jikanka nake maka magana."

Ya haɗiye maganar. A cikin shirun nan nasa, wata huɗu cur, matan unguwa suka tara sa hannu suka kai wa hukuma kuka: tsofaffi na zamewa a taɓo a hanyar ziyara, ba fitila, ba wurin zama, abin kunya ne ga gari. Wannan takarda ba ta kwana a aljihun tebur ba, don sunaye ɗari bakwai ne a kanta kuma duk masu ƙuri'a. Si Munsif ya zo da kansa da sabon zane: hanya mai faɗin mita uku daga ƙofar lambu zuwa hawita, fili mai daɓe kewaye da ita, ƙaramar ƙubba, sannan hanyar ta zarce har ƙarshen Wutsiya inda za a sa benci na kallon ruwa.

"Ka ga ikon Allah, Am Muldi," in ji shi yana dafa masa kafaɗa. "Waliyyinka ya samo mana kuɗin da ni na kasa samowa."

Wasila ta haihu a watan Janairu, namiji, lafiyayye. Ranar da aka yi kwana bakwai katafila ta riga ta kwana biyu a Wutsiya. Lazhar ne dai a kanta, wannan karon yana aiki yana salati, har ya ce ba zai karɓi ladan ranar farko ba saboda neman albarka.

Washegarin suna Muldi ya je ya tsaya a gaban katafilar ya ɗaga hannu biyu. Ma'aikata suka taru, matan da suka zo kawo musu shayi suka taru. Mutumin da ba ya magana ya yi magana har muryarsa ta dushe. Ya faɗi rijiyar da ya kwaso duwatsun, ya faɗi tokar, ya faɗi inda ya samo tsumman kore, wato tsohon labulen ɗakinsu. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ya ce shi maƙaryaci ne, a kai shi kotu, a kore shi daga aiki, amma a bar tudun.

Sai Khalti Rabaha ta matso da sandarta, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Mun ji, ɗana. Kai ka ɗora duwatsun. To wa ya tashe ka da asubar nan? Lambun nan da faɗinsa, wa ya nuna maka nan ba can ba? Wa ya sa sunan a bakinka, kai da ko sunan maƙwabtanka ba ka riƙewa?" Ta juya ga matan. "Kun ji fa. Sidi ne ya zaɓe shi ya yi masa hidima, shi bai ma sani ba. Ga kuma tukuici an ba shi, yana kwance a zanin goyo."

Wata ta rangaɗa guɗa. Lazhar ya sauko ya sumbaci kan Muldi, ya janye shi gefe a hankali kamar yadda ake janye mara lafiya, ya koma ya tada inji. Liman, wanda tun farko yake cewa abin bidi'a ne, ya yi huɗuba guda a kai ranar Juma'a, maza suka gyaɗa kai suka koma gida, matansu suka ci gaba da zuwa ranar Alhamis. Ba a kori Muldi ba. Ƙarin matsayi ma aka yi masa, aka ba shi makullin ƙubba.

Amare sun zo ƙarshen Maris kamar kullum. Kwana uku suna shawagi a kan tudun suna kuka, su sauka a kan intalok su yi 'yan taku, su tashi. Rana ta huɗu suka nausa arewa. Muldi bai san inda suka je ba, kuma ya san babu inda ya rage.

Biyu kawai suka tsaya. A can gefen filin, bayan sandar fitila ta ƙarshe, ma'aikata sun bar ragowar tsakuwa da ba ta fi faɗin tabarma biyu ba. Nan suka tona raminsu, suka jera ƙwai huɗu, taku bakwai daga inda mutane ke wucewa. Muldi ya daina shara, ya daina ban ruwa. Ya ɗauko kujerar roba ya kafa nesa kaɗan, ya juya wa ƙubba baya. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana nan da sanda saboda kuliyoyi. Bai gaya wa kowa abin da yake tsaro ba, don ya riga ya koyi abin da ke faruwa da duk abin da ya nuna wa mutane. Aka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Ya ƙirga kwana goma, ya ƙirga ashirin, ya ƙirga ashirin da uku.

Rana ta ashirin da huɗu ta faɗo a Alhamis ɗin da aka sa don babbar walimar waliyyi, ta farko tun da aka gama ginin. A ranar ne kuma Wasila za ta cika alkawarin da ta ɗaukar wa waliyyin, a yi wa yaron askin farko a ƙofar ƙubba. Tun hantsi fili ya cika: ganguna, tutoci, raguna biyu, tukwanen kuskus, masu sayar da gyaɗa da balan-balan. Uwar ƙwan ta lafe a raminta ta ƙi tashi, namijin yana sama yana zagaye yana kururuwa ba mai jin sa saboda kiɗa. Muldi ya matso da kujerarsa ya baje rigarsa ya tare.

Sai ga Wasila ta ratso taron, ta yi ƙiba, fuskarta na haske, yaron na kafaɗarta.

"Baba, kai ake jira. Kaka ne ke yanke gashin farko."

"Ki ce wa baban mijinki ya yi, 'yata."

"Ya rasu shekara shida, Baba, me ke damunka?" Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. "Minti biyar ne. Don Allah kada ka kunyata ni a gaban dangin mijina."

Ya waiwaya ya dubi tsakuwar. Ya dubi 'yarsa. Ya tashi.

Ba minti biyar ba ne. Aka ɗora masa yaron a cinya, aka ba shi almakashi, ya yanke ɗan gashi mai laushi. Aka yi guɗa, aka yi fatiha, aka yi hoto da wannan aka yi da wancan, aka tura masa loma a baki. Da ya samu ya zame, ya taho da sassarfa yana tari, tun daga nesa ya ga kujerarsa a ture, tsuntsayen biyu duka suna sama. Ɗayan ya faɗo kan intalok yana jan fiffike a tsakanin ƙafafun mutane, yara suna bin sa suna dariya.

Ramin ba komai a ciki. Ba a fasa ba, ba a taka ba. Khalti Rabaha ce tsaye a wurin, fuskarta cike da farin ciki, mata huɗu sun kewaye ta kowace ta dunƙule hankici a hannu.

"Ɗana, zo ka ga karama! Ƙwai huɗu a ƙofar Sidi, a ranar walimarsa, ga kuma mata huɗu masu neman haihuwa sun zo daga nesa. Ko ɗaya bai yi saura ba, ko ɗaya bai gaza ba. Ashe abin da kake tsare mana ke nan ka ƙi faɗa!"

Muldi ya nufi wadda ta fi kusa da shi, wata doguwar mace mai baƙin mayafi da bai taɓa gani ba. Ya miƙa hannu biyu.

"'Yata, ba ni. Don girman Allah ba ni in mayar. Yau zai ƙyanƙyashe, ko gobe."

Ta ɗan buɗe hankicin don ta nuna masa ba ta fasa ba. Ƙwan ya tsage kaɗan a gefe, ɗan ƙaramin baki yana motsi a cikin tsagar. Duk da gangunan, Muldi ya ji siririn kukan da ke fitowa daga ciki. Ita ma ta ji. Idonta ya cika da hawaye, ta dubi sauran matan.

"Yana da rai," in ji ta. "Nawa yana da rai."

"Zai mutu a hannunki kafin ki kai tasha. Uwarsa ga ta can."

"Am Muldi," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa, "kai an ba 'yarka. Ni shekara goma sha ɗaya nake jira."

Ta naɗe hankicin, ta cusa shi cikin rigarta a kan ƙirji, ta dafe da hannu. Ta sunkuya ta sumbaci kafaɗarsa, ta yi masa addu'ar Allah ya ƙara masa albarka, ta shige cikin taro. Hannayensa suna nan a miƙe har ta ɓace masa.